Daga Teburin Malam: Sunan Gari a Bayan Sunan Mutum

 Mu nan ƙasar Gumel an fara girbin gero, wake da riɗi suna tafe, yara kuma sun koma makaranta. Wannan shi ne lokacin da malami yakan buɗe sabuwar rajista, ya zauna bakin ƙofar aji yana jiran iyaye su kawo sababbin shiga. Mutane suna ganin aikin kamar ba kome ba ne. Amma mu da muka yi shekara ashirin muna yinsa mun san abin da aka rubuta da wannan safiya yakan bi yaro har tsufansa.

Cikin makon fari wata uwargida ta kawo ɗanta. Muka tambayi sunan yaron, ta faɗa. Muka ce, "To, Mama, sunan mahaifinsa fa?" Sai ta sunkuyar da kai, ta ce, "Haba Malam, ai ka san shi." Lalle mun san shi, tare muke sujada kowace Lahadi, amma da laƙabi muka san shi. Wata maƙwabciyarta da ke tsaye kusa ta yi maza ta faɗi sunan da ake kiransa da shi a kasuwa. Wan yaron kuwa, wanda yake karatu a Kano ya zo gida hutu, ya ce, "Malam, a sa Gumel kawai, ni ma haka aka sa mini." Muka ajiye alƙalami muka ce a je a kira maigidan. Kafin ya iso, muka zauna muna tunani a kan maganar saurayin nan. Yaya aka yi sunan gari ya zama sunan mutum? Ina ya kai? Me yake riƙe mana, me kuma yake ɓatar mana? Abin da za mu tattauna ke nan a wannan wata.

Gumel tun ba ta zama sunan kowa ba

Gumel tana arewa maso gabas da Kano, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka. Masarautarta ta haɗa ƙananan hukumomi huɗu, watau Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar. Wajen shekara ta 1750 ne Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa suka kafa sarautar. Barno take bi, can take kai gaisuwa, domin haka da aka yi jihadi a farkon ƙarni na 19 ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba kamar yadda Kano da Haɗeja da Kazaure suka shiga. Gidan sarauta a dā yana Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar. A zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma aka taso aka zauna inda garin yake yau. Labarin da aka fi ji a bakin dattawa shi ne kalmar Gumel daga Fulatanci ta fito, daga sunan wata irin saniya mai gajerun ƙaho. Akwai kuma sunan Lautai, wanda ake yi wa masarautar kirari da shi.

Cikin watan Maris na 1851 wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu a ƙasashen nan, ya ratsa ta Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya tarar da babbar kasuwar kanwa, fatake suna ɗauka suna yin kudu da ita har ƙasar Nufe. Ya rubuta sunan garin da harafin "m" biyu, ta haka kuma sunan ya shiga littattafan Turai. Amma a wannan zamani babu iyalin da yake gadon Gumel a matsayin suna. In falke ya sauka a zangon Bida aka ce da shi "mutumin Gumel", bayani ne kurum aka yi, kamar a ce dogo ko gajere. Ran da ya mutu bayanin ya mutu tare da shi, ɗansa ba ya gāda.

Gama dai Bahaushe a gargajiyarsa ba shi da suna guda wanda kaka da jika suke amsawa tare. Yana da sunan yanka, yana da laƙabi, sa'an nan a ce ɗan wane. In ana so a ƙara bambantawa sai a haɗa da sana'a ko sarauta, a ce Maƙeri, ko Wanzami, ko Madugu, ko Sarkin Noma. Kowane tsara da nasa. Ba a rasa gane kowa ba, domin a ƙauye kowa ya san gidan kowa.

A waje ake samunsa

Abin da ya sāke al'amarin shi ne takarda. Turawa suka karɓi Gumel a 1903, suka sa ta cikin Lardin Kano. Aka soma ɗaukar yara daga gundumomi ana kai su makarantun kwana, kamar Midil ta Kano da Kwalejin Katsina wadda ta fara aiki a 1921. To, ga malami da rajista a gabansa, ga Muhammadu biyar da Abubakar huɗu cikin aji ɗaya. In ya tambayi sunan uba, wani yaron ya ji nauyin faɗa, wani kuma uban nasa ma Muhammadu ne. Hanya mai sauƙi ita ce a liƙa wa kowa sunan garinsu. Haka aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Isa Kaita, da Aminu Kano, da Shehu Shagari. Sardauna kansa da sunan Ahmadu Rabah aka san shi a makaranta, daga baya ne ya koma amsa Bello, sunan gidansu. Bayan makaranta, aikin soja da na ɗan sanda da na reluwe duk suka bi wannan hanya. Layin dogo da ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930 ta Gagarawa ya bi, samari da yawa kuwa ta wannan tasha suka fita neman aiki, aka rubuta su a littattafan albashi da sunayen garuruwansu. Da aka buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, abin da yake na 'yan kaɗan ya game kowane gida.

Ga wani abin lura. A cikin garin Gumel ba wanda yake kiran maƙwabcinsa Gumel, gama ba zai bambanta shi da kowa ba. Sai mutum ya fita tukuna yake samun sunan. Kuma gwargwadon nisan tafiyarsa, gwargwadon girman garin da ake liƙa masa. Yaron Danzomo ko Galadi ko Medu in ya zo makaranta cikin Gumel, da sunan ƙauyensu za a kira shi. In ya je Kano ko Zariya, inda ba a san ƙauyen ba, sai ya zama Gumel. In ya kai Ikko, musamman kafin a yanke Jihar Jigawa daga Kano a 1991, ba mamaki ya zama Kano. In ya ƙetare zuwa zangon Kumasi, Bahaushe kawai za a ce. Saboda haka yawancin masu amsa Gumel a takarda ba a cikin Gumel suka samo shi ba, wani baƙo mai alƙalami ne ya raɗa musu a wani gari.

Wani suna daga Italiya

Kada mu ɗauka mu kaɗai abin ya sama. Cikin watan Afrilu na 2025, da labarin rasuwar Paparoma Faransis ya zo, wani yaro a aji shida ya tambaye mu ko Faransis sunan mahaifinsa ne. Muka ce a'a, wannan suna ne da ya zaɓa ran da ya hau kujera a 2013. Sunan gidansu Bergoglio, ana faɗinsa kamar "Bargoliyo". Yaron ya ce, "Malam, mene ne ma'anarsa?" Muka ce ya ba mu kwana biyu. Abin da muka samo ya ba mu mamaki, domin kamar labarinmu ne aka ɗauka aka kai wata ƙasa.

Ko a Italiya sunan ba shi da yawa, an fi samunsa a yankin Piyamonte, can arewa maso yamma, wajen Turin da Asti. Masu binciken sunaye suna danganta shi da wata tsohuwar unguwa mai suna Bergoglio a bakin kogin Tanaro. Tana cikin garuruwan da aka haɗa aka kafa birnin Alesandariya a 1168, watau ta Italiya, ba Iskandariya ta Masar ba. Wanda ya bar unguwar ya koma wani ƙauye sai a riƙa kiransa da sunanta, daidai yadda ake yi wa namu. Tun daga 1728 sarakunan ƙasar suka soma rushe unguwar domin su gina babbar ganuwar soja a wurin, aka tashi mutanenta. Yau in ka je ba za ka ga unguwar ba, sai ganuwa. Sunan kuwa yana nan a bayan sunayen mutane.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 talauci ya kori miliyoyin Italiyawa zuwa Amurka da Barazil da Ajantina. A 1929 wani saurayi, Mario Bergoglio, ya shiga jirgin ruwa tare da iyayensa suka sauka a Ajantina. Can ya yi aure, can aka haifi ɗansa a 1936, ɗan da ya zama Paparoma. Sunan da aka rushe unguwarsa sai ga shi a bakin duniya duka.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne wannan. Da ya hau kujera, ba a sha wuya ba wajen gano ƙauyen kakanninsa, Portacomaro kusa da Asti, da danginsa da suka rage a can. Cikin Nuwamba na 2022 ya je ya ci abinci tare da su. Me ya sa hanyar ba ta ɓace ba bayan shekara casa'in da ƙetare teku? Domin tun 1563 babban taron shugabannin Ikkilisiyar Katolika da aka yi a garin Tarento ya umarta kowace majami'a ta ajiye littafin baftisma da na aure. Tun daga lokacin ake rubuta jariri da iyayensa, tsara bayan tsara, da suna iri ɗaya. Sunan unguwa kaɗai da ba zai kai kowa gida ba. Littafin da aka yi ta cikawa shi ne ya riƙe zaren.

Italiyawa suna da sunaye irin namu kashi kashi. Leonardo da Vinci, mashahurin mai zane, ma'anar sunansa Leonardo mutumin Vinci, wani ƙaramin gari. Ferrari maƙeri ne. D'Alberto kuwa, wanda manyanmu suka saba gani a allunan kamfanin gine-gine na Cappa da D'Alberto, wanda wasu samari biyu daga wannan yanki na Piyamonte suka kafa a Nijeriya a 1932, ma'anarsa ɗan Alberto, kamar yadda muke cewa Ɗan Tanoma.

Inda namu ya kai

Sunan Gumel ma ya yi tafiya. Injiniya Habu Gumel ya shugabanci kwamitin wasannin Olamfik na Nijeriya, a 2009 kuma aka zaɓe shi cikin kwamitin duniya mai zama a Suwizalan. Farfesa Abba Gumel, masanin lissafi, ya yi karatu a Jami'ar Bayero ta Kano da kuma Ingila, ya koyar a Kanada, sa'an nan Amurka. An san shi da yin amfani da lissafi wajen gane yadda cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro da korona suke yaɗuwa. Ɗalibai a ƙasashe da yawa suna rubuta sunan garinmu a takardunsu ba su san gari ne ba.

Wannan hanya tsohuwa ce ga waɗanda suka yi gabas. Wani malamin lissafi daga Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau kuwa da sunan Alkashinawi aka san shi, watau Bakatsine. A ƙasar Makka akwai iyalai masu amsa Hausawi da Barnawi da Fallata, zuriyar mutanen ƙasashenmu da suka tafi suka zauna. Mace ta fari daga Saudiyya da ta tafi sararin samaniya a 2023, Rayyana Barnawi sunanta.

A arewa da mu kuwa, tafiya kaɗan daga Gumel, labarin ya bi wata hanya dabam. Tsakanin 1906 da 1908 Ingilishi da Faransawa suka kafa alamun iyaka, Tumbi ta faɗa hannun Faransa, Maigatari ta zauna a wannan gefe. Makarantun Faransawa ba su bi al'adar liƙa sunan gari ba, sunan uba suke sawa, da irin rubutunsu. Wanda za mu rubuta Mamman Usman, a Damagaram Mahamane Ousmane ne, kamar shugaban Nijar na 1993. Ran Alhamis a kasuwar dabbobi ta Maigatari za ka ga 'yan wa da ƙane suna ciniki tare, kakansu ɗaya, amma in suka fito da takardunsu ba abin da zai nuna sun haɗa jini.

Abin da sunan gari ba ya faɗi

Ba mu ce sunan gari abin ƙi ne ba. Yana da daɗi mutum yana baƙunta ya ji an kira sunan garinsu, ya waiwaya ya sami ɗan'uwa. Ko cikin Littafi Mai Tsarki muna da Maryamu Magadaliya da Yusufu mutumin Arimatiya, garuruwansu ne suka bambanta su da sauran masu irin sunansu. Hausawa kuma sun ce suna linzami ne. Wanda yake ɗauke da sunan gari ya san in ya yi abin kunya a Kaduna ba shi kaɗai za a zaga ba.

Amma sunan gari ba ya faɗin ko kai ɗan wane ne. Mutum ɗari suna amsa Gumel, ba dangin iya ba na baba. Ran neman aure ba zai gaya wa dattawa ko akwai zumunci tsakanin gidajen ba. Ran rabon gado ba zai nuna gonar wa ce ba. Mai ba da takardar shaidar asali a ƙaramar hukuma ma ba ya tsayawa a kan wutsiyar sunanka, sunan mahaifinka da unguwarsa yake tambaya, da shaidar mai unguwa ko dagaci.

Akwai kuma wata hasara da ta fi taɓa mu. Muka taɓa ce wa 'yan aji shida kowa ya rubuta sunan kakansa na wajen uba da na wajen uwa. Waɗanda suka iya duka biyu ba su kai rabin aji ba. Na kakan kaka kuwa, sai shiru. Gidajenmu da yawa kakanninsu suna da sunaye irin na dā: Nomau wanda aka haifa lokacin noma, Tanko wanda ya biyo bayan mata, Gambo mai bin tagwaye, Audi wanda ya zo bayan rasuwar ubansa, Shekarau wanda aka ce ya daɗe a ciki, Ajuji wanda 'yan'uwansa suka yi ta mutuwa kafin a haife shi. Kowane ɗaya labari ne na abin da ya sami gidan. Wasunmu da suka yi boko, ko suka karɓi sunan baftisma, suka ji kunyar waɗannan sunaye, suka ga kamar na duhun kai ne, suka ɓoye su a bayan sunan gari. Italiyawa ma suna da irin wannan. Esposito, wanda yake cike da birnin Napoli, asalinsa suna ne da ake ba jaririn da aka tsinta a ƙofar gidan marayu, ma'anarsa ba ta da nisa da Ajuji. Duk da haka jikoki suna amsa shi, likitoci da alƙalai a cikinsu. Tsohon da ya yi noma ya ciyar da ubanka, ba daidai ba ne sunansa ya ɓace domin bai yi kama da na 'yan birni ba.

Yarinya mai suna uku

Wani zai ce wannan duk hira ce ta malamai. To, bari mu ba ku labarin abin da ya faru a gabanmu. Wata yarinya ta gama makarantarmu, tana cikin masu ƙoƙari ƙwarai, burinta aikin jinya. A katin baftismarta sunan mahaifinta aka sa. Tana aji uku mahaifin ya rasu, ƙanensa ya ɗauke ta riƙo zuwa wani gari, makarantar can ta rubuta ta da Gumel, da wannan kuma ta rubuta jarrabawar gama sakandare. Da aka je yin lambar shaidar ɗan ƙasa, wani ɗan'uwa ne ya raka ta, ya ba da sunan kakansu, domin da shi ake kiran gidan. Ba wanda ya yi ƙarya cikinsu, ba kuwa wanda ya yi nufin mugunta.

Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar shiga jami'a sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, sunan da ke jikin lambar kuma shi ne yake fitowa a takarda. Yarinyar ta ci jarrabawa da kyau, ta sami gurbi. Ran tantancewa aka jera takardunta a tebur, aka ga suna uku, aka ce ba a tabbata mutum ɗaya ba ne. A dā akawu yakan dubi fuskarka ya gane, ya gyara da alƙalami. Kwamfuta ba ta san alkunya ba, ba ta san riƙo ba, harafi take gwadawa da harafi. Aka shiga rantsuwa a kotu, da buga sanarwa a jarida, da zirga-zirga zuwa Dutse da Kano. Uwarta gwauruwa ta sayar da tumakinta biyu. Kafin a gama gyara an rufe karɓa, shekara guda ta tafi. Ta shiga a shekara ta gaba, mun gode wa Allah. Amma mun san wasu da irin wannan ya sa suka haƙura da karatun ɗungum.

Mu malamai ma muna da namu laifin. Sau nawa muka rubuta abin da yaro ɗan shekara shida ya faɗa ba mu tambayi kowa ba? Sau nawa muka rubuta Yohanna a aji ɗaya, Yahaya a aji huɗu, ko Bulus a nan, sunan Turanci a can, domin haka ya fi mana daɗin rubutu?

Shawara ga iyaye

Na fari, maigida da uwargida ku zauna ku yanke sunan da gidanku zai riƙa amsawa a takarda, tun yaro yana goye. Ko sunan uba, ko na kaka, ko na gari, zaɓi naku ne. A ganinmu na kaka ya fi, gama yana haɗa 'ya'yan wa da na ƙane, in kuma ana so a ƙara na gari a bayansa ba laifi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wanda aka zaɓa a tsaya a kansa, 'ya'ya duka su amsa shi, maza da mata.

Na biyu, a yi wa jariri takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da wuri. Kafin ku bar wurin ku sa wanda ya iya karatu ya duba kowane harafi. Daga nan kowace takarda, ta baftisma, ta makaranta, ta asibiti, ta banki, daga wannan za a kwafa, da jerin sunayen yadda suke. Kada na fari ya koma ƙarshe.

Na uku, alkunya abu ne mai kyau, ba mu ce uwargida ta kama sunan mijinta ko na ɗan farinta a gaban jama'a ba. Amma a rubuta sunan a 'yar takarda ta riƙe a jaka, in an tambaya ta miƙa. Wanda kuma ya ɗauki ɗan ɗan'uwansa riƙo, Allah ya sāka masa, sai dai ya bar wa yaron sunan da aka fara rubuta masa.

Na huɗu, ku sami littafi mai bango mai ƙarfi, ko ku yi amfani da fararen shafofin da ke cikin Littafi Mai Tsarki na gida. Ku je wurin tsofaffin da suka rage tun suna da rai, da goro ko ɗan sukari, ku tambaye su. Wa ya haifi wa? Daga wane gari aka taso, Tumbi, ko Barno, ko ƙasar Kano, ko kudu? Me ya kawo su, yunwa, ko aiki, ko aure? Ku rubuta sunayen yadda suke, har da laƙabi. Kada ku manta da iyaye mata, gama su ne sunansu yake fara ɓacewa. Pastoci da magatakardan ikkilisiya kuma, littattafan baftisma da na aure da ke hannunku ku tsare su daga gara da yoyon ɗaki. Wata rana jikan wani zai zo daga nesa yana nema.

Maigidan nan da muka aika a kira ya iso da fartanya a kafaɗa, yana mamakin abin da ya yi zafi haka. Muka ce, "Baba, sunanka na yanka muke so, da na mahaifinka." Ya yi dariya ya ce rabon da a tambaye shi sunan mahaifinsa tun ran ɗaurin aurensa. Ya faɗa, muka rubuta, muka karanta masa ya ji. Sa'an nan ya tsaya ya ba mu labarin yadda tsohon ya taso daga arewa a wata shekarar yunwa da jaki ɗaya. Saurayin nan mai karatu a Kano yana tsaye yana ji, ya ce bai taɓa jin labarin ba. Mun ce masa ya kawo takardunsa mu duba kafin ya koma, ya kuwa kawo.

Wanda yake da labarin asalin sunan gidansu, ya rubuto mana ta hannun Edita, za mu so mu karanta. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu yi magana a kan yaran da ake cirewa daga aji lokacin girbi. Ku huta lafiya.